Neman gurbin jami'a: Dokokin da ake yankewa a Abuja da yadda suke shafar 'ya'yanmu mazauna Kudu

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, tambayoyin da iyaye ke kawo mini a unguwarmu kusan iri ɗaya ne. Shekara nawa yaro zai kai kafin a ɗauke shi? Ya ci maki 180, zai samu gurbi? Wace jiha zai rubuta, tunda a Legas aka haife shi? Wannan bashin karatu na gwamnati, akwai kuɗin ruwa a ciki? Shi ya sa na ga ya dace in tattara amsoshin wuri guda, domin mai buƙata a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Anacha da Fatakwal, ya samu abin dubawa.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, kusan duk waɗannan dokoki a Abuja ake yanke su. Can Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya take, can Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take, hedikwatar JAMB kuma tana Bwari. Abin da na kawo a nan ya tsaya a kan ƙa'idojin da aka yi aiki da su har zuwa zangon ɗaukar ɗalibai na 2025. Dokokin nan suna sauyawa, don haka kowace shekara a saurari sanarwar taron da zan yi bayani a ƙasa.

JAMB da taron da take kira duk shekara

An kafa hukumar JAMB a 1978 domin ta riƙa shirya jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu. Ɗalibi na rubuta darussa huɗu, Turanci dole ne a ciki, sauran ukun kuma sun danganta da kwas ɗin da yake nema. Jimillar maki 400 ne. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, kuma tun 2021 ba a yi wa kowa rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN.

Bayan an fitar da sakamako, hukumar kan kira babban taro a Abuja, inda ministan ilimi ke zama da shugabannin jami'o'i da na kwalejojin kimiyya da fasaha da na kwalejojin ilimi. A nan ake tsayar da mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar ɗalibi da shi. A taron watan Yulin 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i. A na Yulin 2025 aka ɗaga shi zuwa 150, aka bar kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi a 100, kwalejojin koyon aikin jinya kuma 140.

A nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Wannan 150 ɗin ba ya nufin duk wanda ya ci shi ya samu gurbi. Ma'anarsa kawai ita ce babu jami'ar da aka yarda ta sauko ƙasa da haka. Kowace jami'a tana da 'yancin ɗaga nata, kuma manyan jami'o'i irin su ta Legas da ta Ibadan ba sa sauraron wanda bai kai 200 ba. Bayan haka akwai tantancewar da jami'ar kanta ke yi, sannan kowane kwas yana da nasa makin. Mai neman likitanci ko lauya ko haɗa magunguna, sai ya yi nisa sosai sama da 200 kafin ya sa rai.

Rigimar shekaru: 16 ko 18?

Wannan ita ce muhawarar da ta fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan. A taron Yulin 2024, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya sanar cewa ba za a ƙara ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Hujjarsa ita ce tsarin karatunmu da kansa: yaro ya shiga firamare yana da shekara 6, ya yi shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, lissafi ya kai 18 ke nan. Nan take zauren ya kaure da hayaniya, domin yara da yawa 'yan 16 da 17 sun riga sun rubuta jarrabawar wannan shekarar. Ministan ya sassauta, ya ce a bar shi a 16 na shekarar 2024 kawai, daga baya a koma 18.

Ba a kai ga komawa 18 ɗin ba. A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya yi wa majalisar ministocinsa garambawul, Dakta Tunji Alausa ya karɓi ma'aikatar, kuma a watan Nuwamba ya soke dokar 18 ya mayar da ita 16. A taron 2025 aka sake jaddada 16 ɗin, da sharaɗin ɗalibi ya cika ta zuwa ranar 30 ga Satumba.

An bar wata 'yar ƙofa ga yara masu baiwa ta musamman da ba su kai 16 ba, amma ƙofar ƙunci gare ta. Sai yaro ya ci aƙalla 320 a JAMB, wato kashi 80 cikin 100, ya kuma kai wannan mataki a jarrabawar kammala sakandare da tantancewar jami'a, sannan a yi masa ganawa ta ido da ido. A 2025 yara sama da 41,000 ne suka nemi shiga ta wannan ƙofa, 599 suka kai maki 320, a ƙarshe 85 kacal suka tsallake.

Masu goyon bayan a ɗaga shekarun suna cewa yaro ɗan 15 bai isa zaman jami'a ba, inda babu mai sa masa ido, ga ƙungiyoyin asiri ga miyagun abokai. Masu adawa kuma suna cewa bai kamata a zaunar da yaro mai ƙwazo a gida shekara biyu ba gaira ba dalili. Ni abin da nake gani a unguwanninmu shi ne, makarantun kuɗi da yawa a nan Kudu suna tsallakar da yaro daga aji biyar, wani lokaci ma daga aji huɗu, zuwa sakandare, iyaye kuma suna murna an rage musu kuɗin makaranta. To a sani, yaron da ya gama sakandare yana 14 ko 15 zai zauna jira. Gara ya yi aji shida ɗinsa cikakke.

Wani abin lura a nan shi ne ranar haihuwa. Abin da ke kan NIN shi JAMB ke ɗauka. Na ga yaron maƙwabcina da aka yi wa kuskuren shekara a wani shagon intanet lokacin rajistar NIN, takardar WAEC ta ce abu ɗaya, NIN ta ce wani, suka kwashe watanni suna zirga-zirgar gyara. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo iri ɗaya a takardar haihuwa da NIN da WAEC ko NECO, har yadda aka rubuta harufan sunan. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya jawo matsala.

Tangarɗar jarrabawar 2025

Wannan ta shafe mu kai tsaye, domin a yankunan da muke zaune ta faru. Da aka fitar da sakamakon 2025, cikin mutum fiye da miliyan 1.9 da suka rubuta, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa akwai abin da ba daidai ba. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya kira 'yan jarida a Bwari, ya amsa cewa an samu kuskure a na'urorin hukumar, ya nemi afuwa har da zubar da hawaye. Kuskuren ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157: guda 65 a Legas, 92 kuma a jihohin Abia da Anambra da Ebonyi da Enugu da Imo. Aka sa su sake rubutawa daga ranar 16 ga Mayu.

Darasin da na ɗauka shi ne, sanarwar sake jarrabawar ta wayar da aka yi rajista da ita aka aika, kuma kwana biyu kacal aka ba yaran. Wanda ya yi rajista da layin mai shago ko na wani ɗan'uwa da ya yi tafiya, ya shiga uku. Layin da yaro zai yi rajista da shi ya zama nasa ne ko na mahaifinsa, kuma a adana shi har ya gama makaranta.

Ana kuma ci gaba da muhawara kan mayar da jarrabawar WAEC da NECO ta kwamfuta. Ma'aikatar ilimi ta ce daga 2026 za a koma haka, Majalisar Wakilai kuma a watan Nuwamban 2025 ta nemi a dakata zuwa 2030 saboda makarantu da yawa ba su da kwamfuta ko wuta. Ko ma yaya ta kaya, yaron da bai saba da kwamfuta ba yana cikin haɗari. A sama masa inda zai riƙa gwada hannunsa tun yana aji huɗu na sakandare.

Jihar asali: inda abin ya fi yi mana ciwo

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, wato wanda ya fi maki daga ko'ina yake. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware wa jihohin da gwamnati ta ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda suka haɗa da yawancin jihohin Arewa da wasu na Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. Yadda kowace jami'a ke aiwatar da rabon ya ɗan bambanta, amma tsarin ke nan.

Matsalar ita ce, a aikace jihar asali ake dubawa, ba inda mutum yake zaune ba. Jami'ar Legas, misali, jihohin kewayenta su ne Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a Agege, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, idan takardarsa ta ce Kano ko Katsina, ba ya cikin wannan kashi 35 ɗin. Sai dai ya fafata a layin cancanta, ko ya shiga ta kason jihohi masu ƙarancin ilimi. Amma shi wannan yaron, idan ya nemi Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, yana cikin 'yan gida. A jami'o'in jihohi kuwa abin ya fi tsanani, domin 'yan asalin jiha ake fara dubawa, kuma da yawansu sun fi cajin baƙo kuɗin makaranta.

Tushen abin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, amma sashe na 14 ya kawo tsarin raba daidai tsakanin jihohi, sashe na 318 kuma ya fassara ɗan jiha da cewa shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin jihar. Zama, komai daɗewarsa, bai shigo cikin fassarar ba. Sabon Ibadan tun 1916 take, akwai gidajen da suka kai zuri'a huɗu a can, amma har yau idan jikansu ya je neman takardar indijin sai a tambaye shi garin kakansa. Wani kuma idan ya koma garin kakan, babu dagaci ko mai unguwar da ya san shi. Ya zama ba shi a nan, ba shi a can.

A 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin gyaran tsarin mulki da zai ba wanda ya shekara goma a jiha, ko ya yi aure da ɗan asalinta, damar zama ɗan jihar. Ƙudirin ya sha suka daga ɓangarori da dama, masu tsoron baƙi za su mamaye musu filaye da sarautu da kujerun siyasa, kuma a watan Yulin shekarar ya janye shi. Don haka har yanzu tsohon tsarin ke aiki.

Shawarata a nan guda biyu ce. Ta farko, kada a jira sai an ba yaro gurbi sannan a fara neman takardar ƙaramar hukuma. A yi amfani da zuwa gida na sallah ko biki, a kai yaro wurin mai unguwa da dagaci su san shi, a karɓo takardar tun yana sakandare. Ta biyu, kada a yi ƙarya. Jihar da aka rubuta a fom ɗin JAMB ita za a nemi takardarta ranar tantancewa, kuma takardar bogi tana iya sa a kori ɗalibi ko da yana ajin ƙarshe. Sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanninmu ma suna da rawar takawa: su ne za su iya zama da ƙananan hukumomin da muke ciki kan makomar gidajen da suka daɗe har asalinsu na Arewa ya yanke.

Gurbin da ba ya cikin CAPS ba gurbi ba ne

Tun 2017 JAMB ta kafa wani tsari na intanet mai suna CAPS, wanda ta nan kaɗai ake bayar da gurbi na halal. Makaranta ta miƙa sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya danna karɓa, sannan ya fitar da takardar admishan ta JAMB. Duk wanda ya ce maka ya sama wa ɗanka gurbi ta bayan gida, ka tambaye shi ko sunan ya fito a CAPS. Idan bai fito ba, yaro zai iya yin shekara huɗu yana karatu, ranar tafiya bautar ƙasa a ce ba a san da shi ba.

Haka zancen yake ga digirin Kwatano, wanda mu mazauna Legas muka fi kowa kusa da shi. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i biyar a Benin da uku a Togo kaɗai ta amince da su. Kafin uba ya sayar da shanu ko ya taɓa jarinsa ya tura yaro ƙetaren Seme, ya fara tabbatar da matsayin makarantar a Ma'aikatar Ilimi.

Wani sauyi da ya zo a watan Oktoban 2025 shi ne, ma'aikatar ta ce kiredit a Lissafi ya daina zama dole ga masu neman kwasa-kwasan adabi da harsuna da makamantansu. Turanci yana nan dole ga kowa, Lissafi kuma dole ne ga masu kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Duk da haka kowane ɗalibi sai ya rubuta Lissafin a WAEC ko NECO. Wannan zai taimaki yaranmu masu son karanta Larabci ko Hausa ko nazarin addinin Musulunci da Lissafi ya daɗe yana tare wa hanya, amma a duba sharuɗɗan jami'ar da ake nema kafin a saki jiki.

Bashin karatu na NELFUND

Shugaba Tinubu ya fara sa hannu kan dokar bashin karatu a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗa masu wuya, har da kawo masu tsaya wa mutum da kuma iyaka kan kuɗin shigar iyaye. Aka sake ta, ya sa hannu kan sabuwa a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu, 2024.

Ga yadda yake aiki. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, ban da masu zaman kansu. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan wanda ya nema ana tura masa naira 20,000 duk wata a asusunsa na banki don ɗawainiya. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi ta makaranta. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Amsar tambayar da aka fi yi mini kuwa ita ce: babu kuɗin ruwa, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Kuma ba a duba jihar asali, wanda hakan ya sa yana cikin 'yan abubuwan da ɗan zango ke samu daidai da kowa.

Masu suka suna cewa bashin ya zo ne daidai lokacin da jami'o'i suka ninka kuɗaɗensu, don haka nauyin da gwamnati ya kamata ta ɗauka ne aka mayar kan ɗalibi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU tana cikin masu cewa tallafi ya kamata a bayar, ba bashi ba. A 2025 kuma an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu na karɓar kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, ko su ƙi mayar wa wanda ya riga ya biya da kansa. Don haka ɗalibi ya riƙa duba shafinsa, ya ajiye rasit na duk abin da ya biya. Kuma a tuna bashi ne. Wanda Allah ya hore wa iyayensa, ya bar wa mabuƙata.

Kafin a sayi fom

Abubuwan da nake roƙon kowane uba ko uwa su tabbatar kafin a kashe ko sisi: yaro zai cika 16 kafin ƙarshen Satumbar shekarar, suna da ranar haihuwa sun dace a duk takardu, layin waya na gida ne, takardar ƙaramar hukuma tana hannu, an zauna an duba wace jami'a ce jiharsa ke cikin kewayenta kafin a zaɓi ta farko, kuma a cibiyar da JAMB ta amince da ita za a yi rajista, ba a kowane shago ba.

'Yan mata ma kada a bar su a baya. Asibitocin da matanmu ke zuwa a nan Kudu suna buƙatar ma'aikatan jinya da ungozoma masu jin Hausa, makarantun Islamiyyarmu suna buƙatar malamai masu takarda, kuma a 2025 makin shiga kwalejojin nan bai kai na jami'a ba.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa da ba ya iya karatun boko, ko ya kai maganar masallaci bayan sallar Isha. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa karatun ya amfane su ya amfane mu.